Daga Tasawa zuwa Mayahi: kasuwa ta mai lissafi ce

Garin Tasawa yana bisa babbar hanyar mota wadda ta fito Maraɗi ta nufi Damagaram. Kasuwarsa ran Lahadi take ci. Mayahi kuma tana arewa maso yamma da Tasawa, cikin ƙasar rairayi, bakin Gulbin Kaba. Tata kasuwa ran Litinin take ci. Dare ɗaya ne tsakaninsu. Shi ya sa ƴan kasuwa da yawa ke baje kaya Tasawa ran Lahadi, da marece su ɗaure, in gari ya waye su kwance Mayahi. Masu saye ma suna bin wannan hanya, musamman in Salla ta gabato ko an sa ranar aure.

Kowace kasuwa da abin da ta fi. Tasawa tana bakin hanya, ta kuma fi kusa da iyakar Najeriya, don haka kayan kanti sun fi yawa wurinta. Mayahi ta fi kusa da makiyaya da kurmin goriba, don haka bisashe da kayan kaba nata ne. Maigidan da ya san inda kowane kaya ya fito, ya kuma san watan da ya kamata a saye shi, jikarsa ta fi ta maƙwabcinsa auki.

Tasawa, tsohuwar kasuwa

Ciniki ba baƙon Tasawa ba ne. A farkon shekarar 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka garin tare da ayarin Buzaye masu gishiri. Ya ga marina, ya ga ƙore cike da soyayyar fara cikin kasuwa. Zamanin nan da wuri ake saye da sayarwa. A gabansa anka zauna anka ƙidaya wuri 500.000 da hannu.

Wuri ya wuce, tamma da dala da jika sunka zo. Amma har yanzu ƙidaya tana ruɗa mutane. Abin da anka rubuta bisa kuɗi tamma ne, baki kuwa dala yake faɗi. Inda anka rubuta 100, dala ashirin ke nan. Inda anka rubuta 500, dala ɗari ke nan. Inda anka rubuta 1.000, jika guda ke nan. Mai saye ya riƙe wannan da kyau, ya ƙidaya canjinsa gaban mai kaya tun bai ɗaga ƙafa ba.

Ran Lahadi tun da hantsi amalanke ke shigowa daga Kona, Maijirgi, Bawdeta, Korgom da Hawandawaki. Mai kayan Salla da mai kayan aure duk rumfunan zane suke fara nufa. Turmi zane uku ne. Mai hankali ba ya saye a ninke. Sai ya sa a warware, ya auna, ya duba ciki da baya. Zanen kirki launinsa ya ratsa fuska biyu. Na banza fuska ɗaya ke da kyau, bayan kuwa a koɗe. Ya jiƙa yatsa ya murza gefe. In launi ya biyo yatsa, ranar wankin farko zanen zai zuba. In kuma ya yi ƙarfi kamar takarda, sau da yawa sitaci ne anka cika masa, ruwa na taɓa shi ya koma kamar rariya.

Kwano a juya gindinsa a ga ko fenti ya ɓare, a gwada murfi ko ya zauna. Takalmin yaro a zo da kara ko igiya da anka auna ƙafarsa gida, a ƙara ɗan yatsa guda don yaro girma yake. Rigunan gwanjo, waɗanda ake kira bosho, a ɗaga su ga rana a duba hammata da wuya.

Yawancin kayan roba, takalma, kwanoni da sabulu daga Najeriya suke shigowa. Kuɗinsu yana bin canjin Naira da halin da iyaka ke ciki. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru, kayan kudu sai su hau. In Naira ta faɗi kuwa, ya kamata su sauka. Don haka kafin mutum ya shiga rumfa, ya tambayi ƴan canji nawa jika take ran nan. Wanda ya san canji, ba a sayar masa da kayan yau da kuɗin bara.

Yadda ake tayi

Ciniki yana da ladabinsa. Ga yadda yake tafiya a rumfar zane:

— Sannu da kasuwa, Alhaji. Nawa turmin nan?
— Yawwa, sannu Malam. Taya mana.
— A'a, mai kaya ke faɗin kuɗin kayansa.
— To, jika goma.
— Jika shida, Alhaji.
— Albarka. Ko ni ban saro shi haka ba.
— Jika bakwai, in kuma an daidaita zan haɗa da kallabi biyu.
— Cika dala ɗari, Malam, don gobe.
— Na cika.
— Na sallama. Allah sa a kashe lafiya.

Malamin nan bai yi tayi ba sai da ya zaga rumfa uku ya ji kuɗin kowace. Bai nuna zanen ya shiga ransa ba. Bai fito da kuɗinsa duka gaban mai kaya ba. Ya kuma haɗa sayayyarsa wuri ɗaya don a rage masa. Abu biyu ne ba a yi. Ba a shiga cinikin wani sai ya tashi. Kuma ba a taya abin da ba a da niyyar biya, don in an sallama mutum ya gudu, ya zubar da girmansa cikin kasuwa.

Ana cewa da safe zaɓi, da la'asar araha. Gaskiya ne, amma ba ga kowa ba. Matar da ta kawo kaji ko tukwane daga ƙauye ba ta so ta koma da su, da la'asar za ta rage. Mai zane kuwa ba ya sauri ran Lahadi, don ya san gobe akwai Mayahi.

Gulbin Kaba

In an bar Tasawa an yi arewa maso yamma, ƙasa sai ta koma rairayi, gonakin hatsi da wake hagu da dama. Kusa da Mayahi ake faɗawa Gulbin Kaba. Gulbi ne da ba ya gudu kamar na Maraɗi, amma ruwa bai yi nisa ƙarƙashin ƙasa ba. Shi ya sa goriba ta kama wurin. Ganyen ƙaramar goriba shi ne kaba, shi ya ba gulbin suna.

Da kaba ake saƙa tabarma, a tufka igiya, a yi faifai da lefe. Lefe kwando ne na kaba. Cikinsa ake zuba kayan amarya tun ba a san akwati ba, shi ya sa har yau ake cewa kayan lefe. Ran Litinin mata daga ƙauyukan gulbin ke shigowa da tabarmi a naɗe bisa kai. Ƴan sari suna saye su loda mota su kai Maraɗi da gaba. Tabarmar da anka saya hannun mai saƙa, ba a biya kuɗin mota da ribar ɗan sari bisanta ba. Mai haɗa ɗakin ɗiya, nan ne wurin sayensa.

Tabarma a ɗaga ta ga rana. In haske yana ratsawa da yawa, saƙar ba ta matsu ba. A duba baki, don daga nan take fara warwarewa. Amma kada a matsa wa mai saƙa ƙwarai. Kwana da kwanaki ta yi bisa tabarma guda, kuma sau da yawa kabar ma saye ta yi.

Wajen bisashe

Abin da ya fi tara mutane Mayahi shi ne kasuwar bisashe. Fulani da Buzaye suna gangarowa daga arewa, manoma suna zuwa daga Kanambakashe, Cake, Isawan, Atantane da Gidan Amumun. Ga tumaki balami da uda da ara-ara, ga awaki, ga shanun noma, ga raƙuma da jakai.

Nan ba a ciniki sai da dillali. Wasu suna jin ciwon la'ada, amma dillali shi ya san mai bisa. In magana ta taso daga baya, shi za a nema. Bisar da baƙo ya tare mutum da ita bayan kasuwa, ya ce a ba da ko nawa ne, sau da yawa ta sata ce. Mai ita na zuwa, kuɗi sun tafi, bisa ta tafi, ga tsayuwa gaban hukuma. Araha ba ta ado.

Ragon Layya a buɗe bakinsa a ga haƙori, don a san ya cika shekara. A duba ido, a sa shi ya yi tafiya ko yana ɗingishi. A duba hanci ko yana majina, a ɗaga wutsiya ko yana zawo. A taɓa gadon baya, kada a dubi ciki. Akwai masu ba bisa kanwa su ɗura mata ruwa safiyar kasuwa don ciki ya fito. Nama bisa baya yake.

Rago ya fi tsada cikin kasuwa biyu na ƙarshe kafin Layya, lokacin da fatake ke loda motoci zuwa birane. Wanda ya saye ƙaramin rago wata uku ko huɗu kafin nan, ya turke shi gida da harawa da dussa da kowar wake, ya tsallake wannan tsada. Sai dai harawar tun da kaka ake ɗaure ta a aza bisa itace ko rufin ɗaki.

Mai son ya yi wa amarya kyautar da ba ta ƙarewa, ya dubi jar akuya ta ƙasar Maraɗi. Tana yawan haifuwar tagwaye, tana ba da nono, fatarta kuma ta yi suna har ƙasashen Turai. Saboda ita anka buɗe gidan kiwon awaki Maraɗi a 1963. Zane yana tsufa cikin shekara biyu. Akuya kuwa cikin shekara biyu ta zama garke ƙarami.

Lissafin kaka da damina

Babbar asara ba cikin rumfa take ba, bakin rumbu take. Da kaka hatsi ke araha, don kowa na sayarwa. Da damina yake tsada, don kowa na saye. Manomin da ya buɗe rumbu da kaka don kayan biki, shi ne zai dawo watan Yuli ya saye hatsin nan da tsada.

Ga misali. Buhu tiya 40 ne. A ce da kaka tiya dala tamanin ce, wato 400. Buhu ya kama jika 16. A ce da damina ta kai dala ɗari da arba'in, wato 700. Buhu ya kama jika 28. Wanda ya sayar da buhu biyu da kaka ya sake sayen su da damina, jika 24 ya zubar. Ko ya kwana yana tayi wajen mai zane, ba a rage masa jika 24. Mutanen ƙasar nan ba su manta da 2005 ba, shekarar da buhun hatsi ya kai wajen jika 30 da damina, mutane sunka sayar da bisashensu a wulaƙance don su sami tiya.

Salla kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. A 2025 Ƙaramar Salla ta faɗo ƙarshen Maris, Layya kuma farkon Yuni, daidai lokacin shuka, rumbu ya yi ƙasa. Shekarun da Salla ke faɗowa haka, kayanta tun da kaka ake sayen su a ajiye. Kuɗin kuma daga wake, riɗi, gujiya ko aya ya kamata su fito. Hatsi na tuwo ne. Inda akwai bankin cimaka ko ƙungiyar da ke karɓar jinginar amfanin gona, manomi yana iya ajiye buhunsa ya karɓi rance, in kaya sun yi daraja ya sayar ya biya. In kuma sayarwa ta zama dole, ya tafi da tiyarsa. Ba kowace tiya ce daidai ba, ta mai saye wani lokaci ta fi zurfi.

Biki bashi ne

A ƙasar Maraɗi abin da mace ta kai wa ƙawarta ran suna ko aure ba ya ɓacewa. Ran nata biki za a maido mata, sau da yawa har da ninki. Don haka mai kai gudummawa ta auna ƙarfinta, ta auna na ƙawarta. Kyautar da ta fi ƙarfin mai karɓa, nauyi ce anka aza mata. Abin da anka karɓa kuma a rubuta shi, da sunan mai shi, don kada mantuwa ta ɓata zumunci.

Uwayen ɗiya masu dabara ba su jira sai an sa rana. Kowace kasuwa bayan kaka, yau kwano guda daga Tasawa, wani mako tabarma daga Mayahi, a ajiye cikin ɗaki. Wasu da adashe suke yi, wasu da asusun Mata Masu Dubara, wanda anka fara cikin jihar Maraɗi a 1991. Ran da ranar aure ta zo, ɗaki ya haɗu, ba a taɓa rumbu ba, ba a ci bashin ɗan kasuwa ba.

Da la'asar ɗin Litinin ƙura ke tashi bakin kasuwar Mayahi. Amalanke suna fita ɗaya bayan ɗaya, wannan da rago ɗaure a baya, wancan da tabarmi da gishirin kantu. Mai komawa gida kada ya manta da tsarabar yara, ko ƴaƴan goriba ne ko alewa ta dala biyar, da goron tsofaffi. Hausawa sunka ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya sa albarka cikin abin da anka saya, ya kai kowa gida lafiya.