Malamin da ya je ruga

Mu ne 'yan farin tsarin karatu na 6-3-3-4 a makarantarmu, wata sakandaren kwana ta maza a karkarar Kano. Mun shiga a 1982, mun gama ƙaramar sakandare a 1985, kuma a kanmu aka fara jarrabawar SSCE a 1988. An ce sabon tsarin zai ba kowa abin yi: mai kan boko ya wuce gaba, mai basirar hannu ya kama sana'a. Har injinan kafinta da na aikin ƙarfe an kawo mana, amma muka fita muka bar su a akwatunansu, don babu wutar da za ta juya su. Aikin da aka sa ran injinan za su yi, malaminmu na ilimin halittu ne ya yi shi, ba tare da wani ya ɗora masa ba.

Kafin mu zaɓi darussan aji huɗu, sai ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis. A cinyarsa akwai tsohon littafin JAMB mai jera kwasa-kwasan jami'o'i, bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Ba ya fara da tambayar me kake son zama, don ya san amsar: duk ajin likita ne ko injiniya ko lauya. Tambayarsa ita ce sana'ar gidanku, da abin da kake yi in an yi hutu. Sai ya gama saurare zai buɗe littafin ya ɗora yatsa. Mai son likitanci ba shi da damar yar da fizis ko kemistiri. Mai son lauya dole ya riƙe adabin Turanci. Na san yara a wasu makarantu da suka gudu daga fizis don tsoron lissafi, ba su gane sun rufe wa kansu ƙofa ba sai ranar cike fom. Wannan asara ce da magana ɗaya ta malami take hanawa, kuma har yau ana yin ta.

Ni nawa bai yi wuya ba. Ya lura ina karanta wa 'yan ɗakinmu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da dare, ya ce in riƙe Hausa da adabi da tarihi.

Na abokina Bafulatani ne ya ba shi aiki. Yaron yakan dubi saniya daga nesa ya gaya maka ba ta da lafiya, ga shi kuma ba a kama shi a darasin halittu. Amma annobar bushiya ta 1983 ta yi wa garken mahaifinsa ɓarna, har dattijon ya aiko cewa bokon ya isa haka, ya dawo kiwo. Ran wata Asabar Malam ya goya mu biyu a babur muka nufi rugarsu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Malam bai taɓa maganar makaranta ba sai da ya yi jajen shanu, ya tambayi nawa suka tsira.

"Baffa, waɗannan da suka rage, me ya cece su?"

"Ikon Allah, Malam, sai kuma allurar da ma'aikata suka zo suka yi."

"To allurar nan a Vom ake haɗa ta, kusa da Jos. Masu haɗa ta da masu yin ta 'ya'yan wasu ne. A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai inda ake koyar da likitancin dabbobi. Ɗanka ya san shanu tun kafin ya san alli. Ba raba shi da su nake so in yi ba."

Dattijon ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Na ba ka shi amana, Malam, amma hutu nawa ne." Aka tsaya a kan haka. Malam ya ƙara da roƙon ma'aikacin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ya riƙa tafiya da yaron zagayen rigakafi in an yi hutu. Can ya koyi riƙe sirinji da kayar da bijimi ba tare da an karya shi ba. Ya shiga Zariya, yau likitan dabbobi ne.

Ba ko'ina Malam ya yi nasara ba. Akwai wani haziƙi a lissafi da mahaifinsa ya kafe sai ya zauna masa a shago a Kantin Kwari da zarar ya gama sakandare. Malam ya je gidan ya dawo bai samu yadda yake so ba. Bai yi fushi da uban ba, bai kuma saki yaron ba. Ya cire shi daga ajin kimiyya ya mai da shi ajin kasuwanci, ya haɗa shi da malamin akanta, ya ce tunda atamfa zai sayar, to ya fita ya iya rubuta shige da ficen kuɗi da lissafin bashi.