Asode, birnin da hanya ta gudu ta bari

Albasa ce ta kai ni duwatsun Azbin. Kawuna yana fataucinta tsakanin Agadas da Maraɗi, ya ce in raka shi in riƙe masa lissafi, tunda makaranta na hutu. Farkon hunturu ne, 'yan shekaru bayan an ajiye makamai a tawayen da aka yi daga 2007 zuwa 2009. Turawan da a da suke cika Agadas kowane sanyi sun ɗauke ƙafa, balle bayan sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit cikin 2010. Direban da ya ɗauke mu tsohon ɗan jagoran masu yawon buɗe ido ne, ya koma dakon buhuna.

Daga Agadas zuwa Timiya ya ɗan haura kilomita 200, amma a nan ba a auna tafiya da kilomita. Hanya takan bi cikin ƙorama busasshiya, ta hau baƙin dutse, ta sake gangarawa cikin rairayi. Mun wuce Elmeki, inda ake haƙar kuza, daga nan ban ƙara ganin abin da zan kira gari ba. Na riga na gaji da kallon duwatsu masu kamar an ƙone su sa'ad da muka karya wata kwana, sai ga dabino da lemo kore shar a gindin dutse.

A garakan Timiya na ga yadda ake ban ruwa da raƙumi. Yaro yana riƙe da akala, ya ja shi baya, igiya ta bi ta kan ƙarfen juyi da aka ɗora bisa itace, wasakin fata ya taso daga rijiya ya juye ruwa cikin kwararo da kansa. Yaro ya komo da raƙumi, wasaki ya sake nutsewa. Haka za su yi ta kai da komo har rana ta take. Da wannan ruwan ake samun alkama, tafarnuwa, rumman, inabi da lemon da ake kai wa kasuwar Agadas.

Mun sauka gidan wani dattijo, abokin cinikin kawu, mutumin ƙabilar Kel Ewe. Na yi shirin yin magana da hannu, sai ya tare ni da Hausa garau, har da karin harshen Damagaram. A ƙuruciyarsa ɗan ayari ne. Sukan tashi bayan damina, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su dawo gida raƙuma su huta, sannan su gangara kudu neman gero, har Kano. Ya nuna mini rawaninsa na sallah, wanda shuninsa ke rina goshi.

"Ɗana, ka san inda aka rina wannan? Garin Kura," in ji shi. "Ku ne ke tufatar da mu, amma ba ku san hanyar gidanmu ba."

Shi ne ya matsa wa kawu a kai ni Asode. Kawu bai so ba, don a wurinsa duk wunin da ba a auna buhu ba asara ne, amma ba a musu da mai masauki.

Asode tana arewa da Timiya, a kan hanyar Iferwan. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi, babu mai gadi. Mota kawai ta tsaya, direba ya ce, "Malam, ga ta nan." Da farko ban ga komai ba, domin ginin da dutsen wurin launinsu ɗaya. Sai da ido ya saba na fara rarrabe bango da tudu. Gidaje ne birjik, an jera duwatsu an liƙe da laka, rufi duk ya zube, amma ana gane ɗaki, ana gane tsakar gida, ana gane lungun da ya raba maƙwabci da maƙwabci. Duk inda na taka sai na ji sakaina ta fashe a ƙarƙashin takalmi. Na tsuguna na ɗauki bakin wata tukunya mai zanen layi-layi, dattijo ya ce in mayar inda na same shi, na mayar.

Masallacin ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Ƙofofinsa gajeru ne, sai an sunkuya, ginshiƙai masu kauri sun raba sahu da sahu, tsakaninsu bai wuce inda mutum zai yi sujada ba. Direba ya taimama muka yi azahar a ciki.

Asode ce babban garin Azbin a zamanin da ayari ke ratsa duwatsun nan tsakanin ƙasar Hausa da Gat da Tarabulus. Da sarautar Agadas ta kafu, ciniki ya riƙa karkata can. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya bi ta Azbin a 1850, yawancin gidajen Asode sun riga sun zama kango. Abin da ya ƙarasa ta kuwa, a nan aka yi gardama muna shan shayi a inuwar bango. Direba ya ce mayaƙan Kawsan ne suka washe ta, wato jagoran da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 har Maris na 1917. Dattijo ya ce a'a, Faransawa ne, da suka dawo ramuwar gayya suka kwashe mutane daga duwatsu suka kashe dabbobi. Ni dai a ganina duk wanda ya kai mata bugun ƙarshe, ya tarar da ita a kwance. Timiya ma ta sha wannan yaƙin, amma mutanenta sun dawo don akwai ruwa a ƙarƙashin ƙoramarsu. Asode da hanya take ci, hanya kuwa ta koma jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911.

Mu Gobirawa mun tashi muna jin cewa kakanninmu daga Azbin suka gangaro. Na faɗa wa dattijo haka, da 'yar alfahari. Ya ce su ma haka suka ji, akwai kufai da yawa a duwatsun nan da ake cewa na mutanen farko ne. Sannan ya dubi kawu, wanda tun da muka iso yake duba agogo.

"Alhaji, ɗanka ya zo gaida kakanninsa, kai kuwa hankalinka na kan albasa."

Kawu ya ce kakanni ba sa ruɓewa, albasa kuwa tana ruɓewa. Aka yi dariya, aka kwashe kayan shayi, muka koma Timiya aunar buhuna tun rana ba ta faɗi ba.