Daga Bimbilla Zuwa Makango: Ina Manyan Kifaye?

Wanda ya tashi daga Bimbilla ya bi ta Salaga, a Makango hanya za ta ƙare masa, sai jiran jirgin fito zuwa Yeji. Kakanninmu fataken goro kogi suka sani a nan. Yau tafki ne, ga busassun itatuwa tsaye cikin ruwa.

Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, ita ta haifi tafkin Volta. Ta ba Gana lantarki, ta kuma tashi mutane wajen 80,000. Tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya karantar, ruwa ya ci shi.

Da fari kifi ya yawaita, Yeji ta zama babbar kasuwar banda. Amma da muka duba kwandunan masunta a bakin gaɓa, ƙananan karfasa suka fi yawa. Taru mai ƙananan idanu ba ya barin na gobe.

Masana a Akosombo suna ƙyanƙyasar 'ya'yan karfasa domin masu kiwo cikin keji. Madalla. Sai dai mu dubi Amurka. Madatsar Grand Coulee a kogin Kolumbiya ta tare wa kifin salmon hanyar hawa inda yake zuba ƙwai. Shekara da shekaru ana sakin miliyoyin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe, amma na asali bai koma yawansa na dā ba.

'Yan'uwa masunta, mu faɗaɗa idon taru, mu bar ƙanana su girma.