Adakar Kakanmu a Hannun Maƙerin Damagaram

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya nufi gabas, in ya wuce Tasawa da Takeita, sai ya ratsa Tirmini kafin ya hango duwatsun Damagaram. Motoci ba su cika tsayawa a can ba, alhali a nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder. A ranar ce ta tabbata cewa adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baka, ba ta iya ja da bindigar zamani.

Irin wannan adaka ce ta kai ni Damagaram bana. Tana rataye a soron gidanmu na unguwar Birni tun ban san hagu da dama ba, kuma da kakanmu ya rasu, Allah ya jiƙan sa, ta faɗa cikin gado. Magada tara ne, bindiga kuwa ba ta rabuwa. Wani dillalin kayan tarihi ya taya, wasu daga cikin ƴan'uwa suka karkata ga kuɗin, kuma ban ga laifinsu ba, don haƙƙinsu ne. Mahaifina ya yanke magana: a yi mata ƙima ta adalci, masu son ta zauna a gida su biya sauran rabonsu. Mu uku muka biya, muka kuma sanar da hukuma, domin makami ko ya tsufa sunansa makami.

Mai karatu, Birni wuri ne da ya san bindiga. Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, ya ƙarfafa ganuwar garin, ya tara ƴan bindiga, har igwa aka ƙera masa a nan. Ayarin Tarabulus da ke biyowa ta Agadas su sauka a Zango sun kawo makamai tare da sauran haja. Yau ganuwar ta zube sai guntaye, amma lungunan na nan a matse, da gidajen ƙasa masu zane a goshi, da fadar sarki a tsakiya.

Maƙerin da aka nuna mini dattijo ne. Bai taɓa kunamar bindigar ba sai da ya zura sanda cikin bututunta, ya yi alama, ya fitar ya gwada tsawon ta waje. Sandar ta gaza da kusan yatsa uku.

"Ɗan liman, da ciki take," in ji shi. "Shekara nawa yara na wasa a ƙarƙashinta?"

"Baba, sun fi arba'in."

Ya jiƙa ɗurin da mai, ya bar shi ya kwana, sannan ya zaƙulo tsumma da gutsattsarin ƙarfe da baƙin albarushi. Duk mai tsohuwar bindiga a ɗaka ya riƙe wannan: albarushi in bai sha ruwa ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa.

Sauran aikin na haƙuri ne. Tsatsa da mai da lallausar waya ya bi ta, ya ƙi sa magagari, don kada ya shafe tambarin da ke kusa da gindi. Kotar, inda gara ta ci, ya cike ta da itace, bai sake sabuwa ba. Wani baduku ya maye ɗaurin fata biyu da suka ruɓe, ya bar uku na asali, duk da sun yi baƙi. Wurin da tafin hannun kakanni ya side itacen har ya yi santsi, na roƙa kada a taɓa shi.

Ƙanena ya so a gyara ta ta yi harbi, ya fita da ita hawan salla. Maƙerin ya ƙi: tsatsa ta cinye bututun ta ciki, ɗuri guda na iya fasa shi a fuskar mai harbi. Na goyi bayansa, aka toshe kafar wuta da dalma.

Yanzu tana cikin akwati mai kwaɗo a ɗakin mahaifina. A ƙarƙashinta akwai takarda da ajami da boko, mai ɗauke da sunayen mutum huɗu da suka riƙe ta, da na magada shida da aka biya, da abin da kowannensu ya karɓa.