Igiya ɗaya, rai biyu

Duk rani, ni da abokin cinikina na Tireshbil mukan bar Abijan mu tafi Man sarin goro, mu hau dutsen nan da ake kira Haƙorin Man. Zango-zango ake hawansa. Na gaba yana cusa ƙarafa a tsagar dutse yana saƙala igiya, na ƙasa yana riƙe da ita. In igiya ta ƙare, sai na ƙasa ya biyo yana cire ƙarafan, shi kuma ya shige gaba.

Uwargida takan ce, "Haba Alhaji, da furfurarka?" Nakan ce mata a Ajame ciniki kawai ke haɗa ka da mutum, a can ne ake sanin halinsa. Wanda bai saki igiyata ba, shi zan bar wa amanar 'ya'yana in ta Allah ta kasance.