Kafin a ce maijego ta yi teɓa

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, mace ba ta gama fita arba'in sai ta tarar da alƙalai biyu suna jiranta. Na farko tsoho ne, mun gada. In ta dawo daga wankan gida ta yi ɓul-ɓul, kumatu sun ciko, sai a ce uwarta ta iya jego, mijinta kuma ya yi abin kai. In ta dawo a bushe, gorin ya hau kan gidaje biyu. Alƙali na biyu ta waya ya shigo mana: bidiyon TikTok da Facebook na mata masu shafaffen ciki mako uku bayan haihuwa, da masu tallar shayin rage tumbi, waɗanda sau da yawa su ne dai ke sayar da maganin ƙarin ƙugu. Wato ana son ta cika a nan, ta lotsa a can, duk cikin kwana arba'in, tana kuma shayarwa. Ni a ganina alƙalan nan biyu duk sun saki hanya, domin abin da ido ke gani kawai suke aunawa. Abin da ya kamata a auna a jikin maijego ƙarfinta ne: jininta ya dawo, numfashinta daidai yake, tana iya riƙe fitsari, tana iya tashi da ɗanta ba jiri. A yankinmu musamman, barin wannan a bi siffa yana cin rai.

Jikin da ya ɗauki ciki wata tara yana da nasa lissafin. A ranar haihuwa mace kan sauke wajen kilo 5 zuwa 6, nauyin jariri da mabiyiya da ruwa. Mahaifa a ranar takan kai kimanin kilo ɗaya, kuma sai ta yi wajen mako shida kafin ta koma ƙasa da giram 100. Naman gaban ciki, wanda ya buɗe gida biyu don ya ba ɗa wuri, yakan ɗauki watanni kafin ya haɗe, wasu matan ma ba ya haɗewa sarai. Nankarwa tana dusashewa amma ba ta ɓacewa, kome tsadar man da aka shafa. Saboda haka cikin da ake gani ya turo ranar suna mafi yawansa ba kitse ba ne, kuma babu shayin da ke mayar da mahaifa kafin lokacinta. Ko malamanmu na Malikiyya sun kai iyakar jinin biƙi kwana 60, wato sun san jikin wata matar ba ya bin ƙidayar arba'in.

Shawarwarin motsa jiki da ke yawo a intanet an rubuta su ne don matan Amurka da Ingila, inda babbar damuwar ita ce ƙibar da ta wuce kima. Mu kuwa binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 12 kuma nauyinsu bai kai yadda ya kamata ba, kuma ramar ta fi yawa a Arewa da ƙauyuka. Abin takaici, wannan na faruwa a ƙasar da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ke shayar da gonakin shinkafa da albasa da dankali rani da damina. Amma rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu, musamman ta ɓangaren Maradun, har ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da yara masu tamowa a babban asibitin Talata Mafara. Yaron da aka kwantar saboda yunwa, a dubi wadda ke goye da shi. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin wajen kalori 500 kowace rana a kan abincinta na kullum. Wanda ya ce wa irin wannan mace ta rage tuwo don cikinta ya kwanta, bai san da wa yake magana ba.

Akwai tarihin da ya kamata kowane gida mai maijego ya sani. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, jiki a kumbure, numfashi da ƙyar, zuciya ta gaza. Abin da suka wallafa a 1978 ya sa sunan ƙasar Hausa ya shiga littattafan likitancin zuciya, domin an ƙiyasta ciwon na kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, adadin da ba a cika samun irinsa a ko'ina ba. Sun ɗora zarginsu a kan kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki, da wankan ruwa mai ƙuna safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a Sakkwato aka fitar a 2007 ya sake samun kusan wannan adadi. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga asibitoci da dama a faɗin ƙasa, suka wallafa a 2020, sai labarin ya ɗan sauya. Ba su sami hujjar cewa wankan jego ko kunun kanwa su ne asalin ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, wadda ciwon ya fi nema ita ce siririyar mace matalauciya, wato ainihin wadda alƙali na biyu zai yaba wa cewa ba ta yi teɓa ba.

Alƙali na farko ma bai tsira ba, domin kumburi yana iya shigowa da kamannin ƙiba. Fuska ta ciko, ƙafa ta ciko, zobe ya matse, mutanen gida suna murna jego ya karɓe ta, alhali ruwa ne ke taruwa. Bambance su ba wuya: a danna yatsa a kan ƙwauri, in ya bar rami, wannan ba ƙiba ba ce. In maijego tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tari yana tashinta da dare, kada a ce son jiki ne, kada a ƙara mata zafin ruwa wai sanyi ya shige ta. Haka in kanta na sarawa ido na ganin duhu, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo da wari. Duk waɗannan na asibiti ne a ranar, ba sai an jira an yi suna ba. Mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma ko tsohuwar gida, don haka idon tsohuwar nan shi ne awon farko, kuma ya kamata ta san abin da take dubawa.

Na san iyayenmu mata za su ce: mu da wankan jego muka haifi goma, ga mu nan da ranmu. Gaskiya ne, kuma ban zo rushe jego ba. Al'adar da ta ce mace ta huta kwana arba'in, a ɗauke mata daka da girki, a ba ta ƙauri da gasasshen nama da kunu, wata babba ta tsaya a kanta, al'ada ce mai hikima, kuma ƙasashe masu arziki da kuɗi suke neman irinta. Sai dai waɗanda jegon bai bari ba ba sa nan balle su ba da tasu shaidar. Ko da binciken baya-bayan nan ya sassauta zargin da ake wa kanwa, gishiri mai yawa ba ya yi wa mai hawan jini ko mai raunin zuciya daɗi, ruwan da ke saluɓe fata kuwa ƙuna ce kawai. A riƙe hutun da abincin da kulawar, a sirka ruwan, a rage kanwar. Abin da na fi jin tsoro ma shi ne yadda talauci ya cinye rabin jegon mai amfani, naman da hutun, ya bar rabin da ba ya cin kuɗi da yawa, wato tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya.

Wasu kuma za su ce batun motsa jiki surutun 'yan boko ne, matar da ke surfe da ɗiban ruwa da wanki wane motsa jiki ya rage mata? Suna da rabin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako na matsakaicin motsi ga masu ciki da masu jego, kuma matar ƙauye takan cika wannan tun kafin Laraba. Ita hutu take nema. Amma aikin wahala daban, motsin da ke gyara jikin da ya haihu daban. Ɗaukar jarka mai lita 25 ko riƙe taɓarya mako biyu bayan haihuwa yana danna naman ƙasan mara da bai warke ba, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo saukowar mahaifa da ɗigar fitsari in an yi tari ko dariya. Motsin da ke gyara wannan ba ya buƙatar fili ko kaya ko fita waje, abin da ya dace da mai kulle da kuma garin da hanyar bayan gari ba ta da aminci. Mace ta matse naman da take riƙe fitsari da shi, ta ƙirga biyar, ta saki, ta maimaita sau goma, sau uku a yini, a kwance ko tana ba da nono. Wani likita ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana shi tun 1948, kuma har yau ba a sami abin da ya fi shi sauƙi ba. Ya fi duk wani matsi da ake cusawa, wanda wani lokaci ƙuna da ciwon sanyi kawai yake bari. A haɗa da zagaya tsakar gida a hankali tun kwanakin farko, domin doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita kafin ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Wadda fitsari ke zubo mata dare da rana ba tsayawa, wannan yoyon fitsari ne, aikin tiyata ne, kuma ana yinsa a Gusau da Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina.

Ba na musun akwai mata a cikin garin Mafara, ma'aikata da matan 'yan kasuwa, waɗanda kowace haihuwa ke bar musu kilo da ba ya sauka, har ya kai ga ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Binciken 2018 ɗin nan ya ce kashi 28 cikin ɗari na matan ƙasar nan nauyinsu ya haura. Su ma ma'aunin bai sauya ba. Bayan mako shida, tafiya mai ɗan sauri kullum, rage lemon kwalba da sukari da soye-soye, a sauke kamar rabin kilo a mako, nono ba zai ragu ba. Shayin rage tumbi kuwa yawancinsa ganye ne mai sa gudawa, dangin filasko, ruwan jiki yake zubarwa, kitsen na nan. Ɗaure ciki da zani yana iya sa mace ta ji daɗin tafiya, amma ba ya narkar da kome, in aka tsananta ma ƙasan mara yake dannawa. Ta ɗaya gefen ga sha-ka-fashe, maganin ƙiba da ramammiyar maijego ke sha don gudun gori. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, maganin da ke kumbura fuska da ciki, ya ta da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ka ga an kai ta ga siffar da alƙali na farko ke so, an kuma ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji kaya.

Saura hujja mafi nauyi, wadda ba a cika faɗa a fili ba: miji yana da ido, kishiya tana nan ko tana tafe, macen da ta saki jikinta ita za ta yi kuka. Ba zan raina wannan tsoro ba, domin shi ke riƙe da kasuwar kayan mata baki ɗaya, kuma son mace ta ga ta yi kyau ba laifi ba ne. Amma maganar a ƙofar magidanta ya kamata ta tsaya. Jikin nan da ya sauya, a wajen haifa maka ɗa ya sauya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban ɗa, kuma ban san inda aka ɗora wa maijego wa'adin shafe ciki ba. Kai da ka iya sayen ragon suna, ranar Talata in ka shiga kasuwar Mafara ka tuna da hanta da wake da kifi da zogale da ƙwai, ka kuma nemi wanda zai ɗauke mata jarka wata biyu. Kalma ɗaya ta gori daga bakinka ta isa ta tura ta wurin mai sha-ka-fashe ko mai shayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a duba maijego sau huɗu: cikin sa'o'i 24 na farko, a kwana na biyu zuwa na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Na san daga wasu ƙauyukan Bakura da Maradun zuwa huɗu abu ne mai wuya, ga kuɗin mota ga fargabar hanya. Amma na ƙarshen ya zo daidai da fita arba'in, ya kuma zo daidai da allurar rigakafin jariri ta mako shida, wadda da ma za a je. A ranar, bayan an ɗora yaro a sikeli, uwar ma ta miƙa hannu a auna hawan jininta, a duba ƙarfin jininta, a danna ƙwaurinta, a ba ta maganin ƙarin jini in tana buƙata, ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da kunya ta hana ta faɗa a gida.