Masu Aikin Gayyar Jirgin Ƙasa

Tun da aka shimfiɗa layin dogo a ƙasar nan, jirgi bai taɓa tsayawa a Kontagora ba. Digar da ta taso daga Ikko ta ƙetare Kwara a Jebba, ta bi ta Mokwa da Zungeru ta faɗa Minna, ta bar birnin Nagwamatse can a hannun hagu. Amma duk da haka mutanen Kontagora sun ci moriyar jirgi. Gyaɗa da auduga da kaɗanyar ƙasarsu, a kan jakuna aka fara kai su tasha, daga baya manyan motoci suka karɓa, su bi ta Tegina su sauke a Zungeru. 'Yan makaranta da sojoji da fatake ma a nan suke hawa. Saboda haka labarin reluwe ya shafe su, kuma masu wahalar tsare wannan labari kyauta suna bin su bashin godiya.

Mai karatu zai so ya san abin da ake tsarewa. Jirgin ƙasa na farko a Arewa duka a cikin Jihar Neja ta yau ya yi tafiya. Cikin 1901 aka buɗe wani siririn layi tsakanin Wushishi da Zungeru, cikin 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, don a riƙa ɗauko kayan gwamnati daga jiragen ruwa zuwa sabuwar hedkwatar Gwamna Lugga. Da aikinsa ya ƙare aka ciccire ƙarafan aka kai su layin Zariya zuwa Jos, wanda shi ma aka rufe cikin 1957. Kan jirgin farko na wannan layi shi ne aka girke a tashar Minna don tunawa. Babban layin Baro zuwa Kano kuwa cikin 1907 aka fara shi, zamanin Gwamna Girouard, ya isa Kano cikin 1911, kuma dubban leburorin da suka haƙa shi, Nufawa da Gwarawa da Zagezagi, da yawansu ta hannun sarakuna aka ɗebo su, ba don suna so ba. Wanda ya san wannan ba zai dubi tsohuwar diga ya ga ƙarfe kawai ba.

To, wa ke kula da irin waɗannan kaya? A bisa takarda akwai hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa cikin 1955, akwai kuma hukumar gidajen tarihi. Amma hukumar da ke fama da gyaran taragu da biyan 'yan fansho, da wuya ta sami sukunin share ƙurar tsohon hoto. A Ikko sai wasu mutane suka ga zaman jira ba zai kai su ko'ina ba. Suka kafa ƙungiya mai suna Legacy cikin 1995, da masu zanen gine-gine da malamai da sauran masu sha'awar tarihi, cikinsu har da marigayi Farfesa John Godwin, Baturen da ya zo Ikko cikin 1954 ya ƙare rayuwar aikinsa a can. A harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani gidan bene da aka gina cikin 1898, wanda ya lalace ƙwarai. Suka nemi yardar hukuma, suka nemi gudummawa, suka gyara shi, cikin 2010 ya zama ɗan gidan tarihi mai ɗauke da tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe. Ana kiransa Gidan Jaekel, watau sunan Francis Jaekel, wani tsohon babban ma'aikacin reluwe wanda bayan ya yi ritaya ya zauna ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya cikin littafi uku, aka buga cikin 1997. Shi ma ba wanda ya tilasta masa.

Wannan al'ada tana da asali. A yankin Wels na ƙasar Birtaniya akwai wani ɗan layi wai shi Talyllyn, sunan da harshen Bahaushe ba zai yi masa adalci ba, tsawonsa wajen mil 7. Mai shi ya rasu cikin 1950, aka tabbata za a rufe. Sai masu son jirgi suka taru suka yi ƙungiya, cikin 1951 suka karɓi layin suka ci gaba da tafiyar da shi da hannunsu. Shi ne layi na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto, kuma har yanzu jirgi yana bin sa. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, don kuwa sunansa gayya. Bambancin kawai shi ne, gayyar gona yini ɗaya ce, a ci tuwo a sha kunu a watse, ita kuwa wannan ta haura shekara 70 ba a tashi ba.

A irin wannan gayya shugabanni su ake gani a jarida, amma ba su kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Akwai mai riƙe da littafin kuɗi, wanda ba a tunawa da shi sai an sami giɓi. Akwai mai zuwa ran Asabar ya buɗe ƙofa, ya zauna yini guda baƙo biyu kacal su leƙo, ya rufe, mako mai zuwa ya dawo. Akwai mai raba gardama, don masu son jirgi sun iya musu, a kan lambar inji ɗaya ma sai a kwana ana ja. Sa'an nan ga talakan ƙungiya, wanda ba ya riƙe da muƙamin kome, iyakarsa ya biya kuɗin shekara ya halarci taro ya yi tambaya. Kada a raina shi. In ba mai tambaya, masani ma shiru zai yi, har abin da ya sani ya bi shi kabari.

A ƙasar Neja gayyar ba ta da suna ko hatimi, amma tana nan. Tsofaffin ma'aikatan reluwe ne ke yin ta, a Minna da Zungeru da garuruwan da suka koma bayan ritaya. A Kontagora akwai wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana zuba kwal a kan jirgi. Yana da akwatin ƙarfe, a ciki akwai fitilar hannu da usur da takardar ɗaukarsa aiki, da hotuna da suka fara cin kansu. In yara suka zauna sai ya lissafa musu tashoshi ɗaya bayan ɗaya daga Jebba har Kaduna, ya gaya musu inda ake shan ruwa, da hawan da inji ke nishi sai an zuba wa diga yashi don kada ƙafa ta zame, da yadda direba ke gane lafiyar inji da kunne kawai. Ba ya karɓar ko kwabo. 'Ya'yansa sun sha cewa a ba 'yan gwangwan fitilar, ya ƙi.

Abin tsoron ke nan, don 'yan gwangwan ba sa hutu. An sha kama mutane da ƙarafan diga a mota a jihohin Arewa, kuma reshen Minna zuwa Baro ya shekara da yawa jirgi bai bi shi ba. Gadar ƙafa ta Lugga ta tsira ne don an ɗauke ta daga Zungeru an kai Kaduna. Gine-ginen da aka bari a can galibi sun zama kufai. Sabbin layuka, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016 da na Ikko zuwa Ibadan cikin 2021, abin murna ne, amma faɗin digarsu ma dabam yake da na tsohon layi, kuma yaron da ya hau su ba abin da zai gaya masa cewa kakansa ya haƙa wani kafin su.

Ɗaliban tarihi na manyan makarantun Kontagora da Minna kowannensu yana da waya a aljihu wadda ke ɗaukar murya da hoto, dattawan kuma ƙofarsu a buɗe take, gaisuwa da goro sun isa. Matashin da yake da shekara 25 yana zuba kwal cikin 1970, cikin 2025 ya kai tamanin.